Motar lantarki ta iso Kumasi, amma a ina za ta kwana?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan motoci masu aiki da lantarki ne, da 'yan uwansu masu haɗa batir da injin fetur. Wanda ya tsaya a Tech Junction ko Sofoline da hantsi zai iya ganin ɗaya ta wuce, ba ƙugi ba hayaƙi. Ba su yi yawa ba tukuna, amma zancensu ya cika gari. A tasha, a teburin mai shayi a Asawase, a bakin samarinmu masu tuƙa Bolt da Uber, tambayar ɗaya ce: wai da gaske wannan mota tana rage kashe kuɗi?

Da gaske ne, kuma kowa zai iya buga lissafin da kansa. Matsakaiciyar motar lantarki takan ci yunit 15 zuwa 18 na wuta a tafiyar kilomita 100, irin yunit ɗin da kake saye a mitar gidanka. Mota mai fetur girmanta ɗaya takan sha lita 7 ko 8, a cunkoson Kejetia da Adum ma ta wuce haka, domin injin fetur ko a tsaye yake shan mai yake yi. Ɗauki rasit ɗin wutarka na wannan wata, ka tambayi farashin lita a gidan mai mafi kusa, ka gwama. Sannan babu juyen baƙin mai, babu fulogin inji, babu salansa, kuma birki yakan daɗe, saboda da zarar ka ɗaga ƙafa motar na rage gudu da kanta tana mayar da wuta cikin batir.

To wa ya fi kowa cin wannan riba? Ba Alhajin da motarsa ke yini a inuwar ofis ba. Direban haya ne, wanda ke kan titi tun asuba har bayan isha'i, wanda kullum gidan mai ke fara cin gumin goshinsa kafin mai mota, kafin iyali. Kuma abin da ya dame ni ke nan: mutumin da motar nan ta fi yi wa amfani, shi ne ba shi da inda zai sa ta caji.

Motar lantarki kamar doki take, a inda aka ɗaure ta da dare nan take cin abincinta. Mai gida mai katanga da gareji a Ahodwo ko Nhyiaeso ba shi da damuwa, ya dawo ya jona, gari ya waye batir ya cika. Amma ku zo mu shiga Aboabo ko Akwatia Line. Gida ɗaya, ɗakuna goma sha wani abu, kowane ɗaki da iyalinsa, sau da yawa mita ɗaya a zaure. In kuɗin wuta ya ƙare sai a zauna a ƙirga: wa ke da firji, wa ke da dutsen guga, wa ya ƙara fanka. Har a kan tukunyar dafa shinkafa ta lantarki ana ɗaga murya. Lungun da gidan yake ma mota ba ta shiga. Direba yakan kai ta gidan mai, ko harabar makaranta, ko gindin masallaci, ya ba mai gadi na goro, ya tako gida da ƙafa.

A ce ma ta shiga. Direban da ke yin kilomita 150 a yini zai buƙaci kamar yunit 25 kowane dare, a wata ya haura 600. Tsarin farashin da hukumar PURC, mai ƙayyade kuɗin wuta da ruwa, ke yankewa mataki-mataki ne: mai shan yunit 30 ko ƙasa da haka a wata yana biyan mafi sauƙi, wanda ya haura 300 kuma farashinsa ya ɗaga. Ke nan mota ɗaya za ta jefa gida guda cikin mataki mai tsada, tsohuwar da ƙwan fitila ɗaya gare ta a ɗaki ita ma ta biya. Wane mai gida ne zai yarda da haka?

Sai maganar soket. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, soket ɗin bango kuma amfiya 13 ne iyakarsa. Cajar da ke zuwa a but ɗin mota yawanci ba ta jan fiye da kilowat 2 da 'yan kai, don haka yunit 25 ɗin nan sai ta kwashe awa 11, batir mai yunit 60 kuwa in ya ƙare ƙaf ya wuce kwana da yini. Cajar da ake kafawa a bango mai kilowat 7 tana cika shi a awa 8 zuwa 9, amma tana son layinta daban tun daga mita, da waya mai kauri, da wayar ƙasa ta ƙwarai.

A nan nake roƙon 'yan uwa, don Allah kada a yi dabarar da muka saba. Na san yadda za ta kasance: a sayo doguwar waya mai araha a kasuwa, a jona a ɗaki, a zuro ta taga, a haura katanga, a tsallake kwata, a ɗaure mahaɗar da leda saboda ruwan sama. Dutsen guga minti ashirin yake yi a kashe. Mota kuwa dare guda take ja ba hutawa. Ka taɓa kan fulogin bayan awa biyu ka ji zafi, ka duba bakin soket ka ga ya fara yin ruwan ƙasa-ƙasa, roba tana wari: wannan gobara ce take sallama, kuma a gidan da yara ke kwance ɗaki-ɗaki. Tun 2011 akwai dokar haɗa wayoyin wuta a Gana, kuma Hukumar Makamashi na ba masu aikin wuta shaidar ƙwarewa. A nemi mai wannan shaida, a biya shi haƙƙinsa.

Gwamnati ta yi nata yunƙurin, ba za a hana ta yabo ba. A watan Disamba na 2023, a taron sauyin yanayi na Dubai, shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya ƙaddamar da manufar ƙasa kan motocin lantarki, wadda ke son zuwa 2045 a daina shigo da sababbin motocin fetur da dizal. Kasafin kuɗin 2024 ya yi alkawarin ɗage harajin shigo da motocin lantarki na jigilar jama'a har shekara 8, haka ma sassan da kamfanoni masu rajista za su harhaɗa a cikin gida. A ƙarshen 2024 kuma an ga bas-bas na lantarki sun fara aiki a Akra. Sai dai sassaucin haraji a tashar jirgin ruwa ta Tema yake ƙarewa. Ba ya kafa soket ko ɗaya a unguwar Sawaba.

Abin da nake ganin ya kamata shi ne a kai caja inda motoci ke kwana tun asali. Majalisar birnin Kumasi da ta Asokore Mampong sun san filayen nan sarai, ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta fi su sani. A kafa caja masu matsakaicin ƙarfi a tashoshi da gidajen mai da harabobin da ake ajiye motoci da dare, kamfanin rarraba wuta na ECG ya ba su mitarsu daban, direba ya biya ta wayarsa gwargwadon abin da ya sha. Ba sai an jira manyan caja masu cika mota a minti 40 ba, waɗannan tsadarsu ta sa sai manyan kantuna da bakin babbar hanya. Masu hannu da shuni na Zango kuma, wannan kasuwa ce a buɗe. Wanda ke da fili da katanga da mai gadi ya riga ya mallaki rabin jarin. Kwamitin masallaci mai haraba ma zai iya samun abin biyan kuɗin wuta da ruwa ta nan.

Na san wani yana ta cewa a ransa, Malam, ka manta da dumsor, yawan ɗauke wutar nan? Ban manta ba, babu wanda ya rayu a ƙasar nan tsakanin 2012 da 2016 da zai manta. Amma mota mai tafiyar kilomita 300 a caji ɗaya, ɗaukewar wuta ta dare guda ba ta kwantar da ita in ba a bar batir ya yi ƙasa ba. Wutar ƙasar ma ba a kan madatsar Akosombo mai megawat 1,020 kaɗai ta dogara ba yanzu, mafi yawanta daga tashoshin iskar gas take fitowa, har da wadda aka buɗe nan Anwomaso a 2024. Abin da ya fi ba ni tsoro taransifomar unguwa ce. Ku dubi yadda fitila ke dushewa bayan magariba in kowa ya kunna kayansa. A ɗora caja biyar masu kilowat 7 a kan wannan layin a wannan lokacin, an gama da ita. Motocin nan suna da agogon caji, a saita su su fara bayan sha biyun dare, lokacin da gari ya yi barci.

Tafiya mai nisa kuma tana son shiri. Daga nan zuwa Akra kimanin kilomita 250 ne. Motar da aka rubuta mata 400 a takarda, in ka cika ta da mutane da kaya, ka kunna na'urar sanyi, ka yi ta wuce tireloli a hanyar Nkawkaw, abin da za ta ba ka ya gaza haka sosai. Za ta kai, amma ka san inda za ka jona kafin ka taso. Mu kuwa mutanen Arewa ne. Sallah ta zo a nufi Tamale, kusan kilomita 380, wasu Bawku, wasu Wa, wasu har su ƙetare iyaka.

Shi ya sa da yawa ke karkata ga mai haɗa biyun, wadda ake sa wa caji kuma tana da tankin fetur, irin su Mitsubishi Outlander PHEV. Batirinta kan kai ka kilomita 40 zuwa 80, ya ishi zirga-zirgar gari, in hanya ta miƙe inji ya karɓa. Tunani ne mai kyau, da sharaɗi ɗaya: sai ana sa ta caji kullum. In ba haka ba, ka sayi motar fetur ce mai ɗauke da nauyin batir a banza. Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a 2024 da ya nuna hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa a kan titi ya ninka na gwaji sau uku da rabi, babban dalili kuwa masu su ba sa jona su yadda aka zata. Wanda ba shi da soket, shawarata ya nemi haɗin da ba a jonawa sam, irin Toyota Prius ta asali, wadda ke cika ɗan batirinta da kanta.

Mai sayen ta hannu kuma ya buɗe ido, kada a yi cinikin biri a sama. Bakin caja ba iri ɗaya ba ne: na motocin Sin daban, na Turai daban, na Amurka daban, tsohuwar Nissan Leaf ma da nata. Ka tabbata wanda ke jikin motarka ya dace da cajar da ke kusa da kai. Kada fenti ya ruɗe ka, batir shi ne motar. A jona kwamfuta a gabanka a nuna maka kashi nawa cikin ɗari ya rage na lafiyarsa. Tsofaffin Leaf ba su da ruwan sanyaya batir, zafi irin namu yana saurin cinye su. Wadda aka yi gwanjonta a Amurka bayan ambaliya kuwa, ko kyauta aka ba ka ka bar ta.

Akwai kuma mutanen da ban ji ana sa su cikin lissafi ba, su ne makanikan Suame Magazine, unguwar garejojin gyaran mota. Dubban 'ya'yanmu ne ke cin abinci a can, wani gwanin giya, wani gwanin lagireto, wani kunnensa kawai zai kara a inji ya faɗa maka ciwonsa. Motar da ba ta da inji da giya irin na motar fetur za ta rage musu aiki, wannan ba a ɓoye yake ba. Abin da ya fi gaggawa ma shi ne ransu. Batirin da yaron gareji ya saba taɓawa bolt 12 ne. Wayoyin nan masu launin ruwan lemo da ke ƙarƙashin motar lantarki suna ɗauke da bolt 400, wasu har 800, kuma kashe mota kawai bai isa a ce an tsira ba. Akwai makullin da ake cirewa, akwai jira, akwai aunawa, akwai safar hannu ta musamman. Yaron da ya shiga da sifana yadda ya saba, ba lalle ya fito ba.

Jami'ar KNUST tana garin nan, Jami'ar Fasaha ta Kumasi tana garin nan. Ina kira gare su da shugabannin ƙungiyoyin Magazine su shirya horo na 'yan makonni, da yamma bayan an tashi aiki, da Twi da Hausa, a kan mota ta gaske ba a kan allo ba, kuma kamfanonin da ke sayar da motocin su ɗauki wani kaso na kuɗin. A fara da iyayen gidan gareji, domin kowane ɗayansu yana da yara biyar ko goma da ke kallon hannunsa.

Nan za mu dakata a sharhin na yau. A huta lafiya.