Kurket a Pakistan: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'a masu sauraro, tun daga ranar 23 ga watan Fabrairun 2025 da Indiya ta doke Pakistan a birnin Dubai, kashegari kuma ta tabbata cewa an yi waje da ita daga gasar Kofin Zakaru ta wasan kurket tun a zagayen farko, magoya bayan tawagar ƙasar suke ta tayar da jijiyar wuya a gidajen talabijin da shafukan sada zumunta. Abin ya yi musu zafi, kuma da dalili, domin Pakistan ce mai masaukin baƙi, duk da cewa a Dubai aka buga wasannin Indiya, kuma rabonta da karɓar babbar gasa ta duniya irin wannan tun shekarar 1996. Sunaye uku ne suka fi shan suka: Shaheen Shah Afridi da Haris Rauf da Naseem Shah, wato matasan nan masu jifan ƙwallo da gudu. Wasu na cewa a sallame su baki ɗaya a kawo sabbin jini, wasu na cewa a dawo da tsofaffin hannu, wasu kuma na zarginsu da cewa kuɗin gasannin kulob ya sa sun daina kishin rigar ƙasa. Ni kuwa duk lokacin da na saurari wannan muhawara sai raina ya ɓaci, domin tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: wa ya zaɓi wannan tawaga, kuma da wane lissafi ya zaɓe ta?

Ba na musun cewa samarin sun gaza. A wasan buɗe gasa a Karachi, New Zealand ta tara maki 320, Shaheen ya ba da maki 68 bai fitar da mai bugu ko ɗaya ba, Haris kuma ya ba da 83. A Dubai Shaheen ya sake ba da 74. Tun da ya ji rauni a gwiwa a Sri Lanka a 2022, ya kuma fama ciwon a wasan ƙarshe na gasar duniya a Melbourne a watan Nuwamban shekarar, jifansa bai koma da zafin da aka san shi da shi ba, kuma duk mai kallon wasa da idon basira ya ga haka. Wannan gaskiya ce, kuma masu sukarsa suna da damar faɗinta.

To amma ga abin da mai sauraro ya kamata ya riƙe. A wasan kurket masu jifa iri biyu ne. Akwai masu dogaro da gudun ƙwallo, akwai kuma masu murza ta da yatsu ko wuyan hannu ta yadda idan ta sauka a ƙasa sai ta kauce wa sandan mai bugu. Yanayin zirin ƙasar da ke tsakiyar fili shi ke nuna wanda zai ci kasuwa a cikinsu: ƙasa mai tauri da ciyawa ta masu gudu ce, busasshiya mai laushi kuma ta masu murzawa ce. Babban aikin kwamitin zaɓen 'yan wasa ke nan, ya san inda za a buga wasa ya ɗauki mutanen da suka dace da wurin. Kowa ya san filin Dubai yana rage wa ƙwallo gudu. Indiya ta tafi da masu murzawa biyar a cikin 'yan wasanta 15. Pakistan ta tafi da ƙwararre guda ɗaya tak, Abrar Ahmed, sauran aikin kuma aka ɗora wa Khushdil Shah da Salman Ali Agha, waɗanda asalin sana'arsu bugu ce. A ranar wasan, masu murzawar Indiya uku suka fitar da 'yan Pakistan biyar. Abrar shi kaɗai ya yi jifa 60 ya ba da maki 28 kacal, kuma ƙwallon da ya fitar da Shubman Gill da ita ta isa hujja: ta sauka a gabansa, ta juya ta wuce sandan bugunsa, ta daki sandunan da yake karewa, ya tsaya yana kallon ƙasa. Da Abrar ya gama rabonsa na jifa, kyaftin Mohammad Rizwan ya waiga bai ga na biyunsa ba. Sufiyan Muqeem, matashin da ya fitar da mutum huɗu a Johannesburg wata biyu kafin nan, yana gida. Shaheen ne ya bar shi a gida? Haris ne? Wa ya zaɓi tawagar?

Kuma da a ce wannan ne karo na farko, da sai mu ce kuskure ne irin na ɗan Adam. A gasar cin kofin duniya ta 2023 a Indiya haka aka yi. Naseem Shah ya ji rauni a kafaɗa ana saura makonni a fara, aka tarar babu wanda aka tanada ya maye gurbinsa, sai aka koma aka ɗauko Hasan Ali. Biyu daga cikin masu murzawar da aka tafi da su, Shadab Khan da Mohammad Nawaz, kowannensu mutum biyu ya fitar a duk tsawon gasar. Da tsakiyar wasa ta zama babu mai tsare ta, nauyin duka ya koma kan masu gudu, har Haris ya ba da maki 533, adadin da babu wani mai jifa da ya taɓa ba da irinsa a gasar cin kofin duniya guda ɗaya. Magoya baya sun haddace wannan adadi suna ta maimaita shi, amma kaɗan ne ke tuna cewa shugaban kwamitin zaɓen, Inzamam-ul-Haq, ya ajiye aiki tun gasar ba ta ƙare ba.

A watan Agustan 2024 kuma, a wasan kwana biyar da Bangladesh a Rawalpindi, aka fito da masu gudu huɗu ba tare da ƙwararren mai murzawa ko ɗaya ba, bayan an sallami Abrar daga sansani. Bangladesh ta tara maki 565. A rana ta biyar masu murzawarta biyu, Mehidy Hasan Miraz da Shakib Al Hasan, suka fitar da 'yan Pakistan bakwai a kan wannan fili da aka ce bai dace da murzawa ba, ƙasar ta samu nasararta ta farko a tarihi a kan Pakistan a irin wannan wasa. Wa aka hukunta? Shaheen aka ajiye a wasa na biyu, aka kuma sake shan kashi.

Wata biyu bayan haka Ingila ta zo Multan ta tara maki 823, Harry Brook shi kaɗai ya ci 317, a kan filin da ya kwanta lumui babu abin da yake ba mai jifa. A nan ne aka ga abin da ya kamata ya rufe bakin wannan muhawara. Sabon kwamitin zaɓe ya ɗauko Noman Ali, mai shekara 38, da Sajid Khan, mutum biyu da suke nan a gasannin cikin gida ba a waiwaye su a wasannin Bangladesh ba. Aka sake amfani da filin da aka gama wasan farko a kansa, aka kafa manya-manyan fankoki suna busar da shi, a Rawalpindi ma, inda aka buga wasa na uku, har da na'urorin ɗumama wuri aka jera. Cikin 'yan Ingila 40 da aka fitar a wasanni biyun da suka rage, Noman da Sajid ne suka fitar da 39, Pakistan ta lashe jerin wasannin da ci 2 da 1, bayan ta shafe tun Fabrairun 2021 ba ta ci wasan kwana biyar a gida ba. Waɗannan mutane ba daga sama suka faɗo ba. Suna nan tun da can, masu zaɓe ne ba su ga damar ɗaukarsu ba. Ina da shakku a kan ko busar da fili dabara ce mai ɗorewa, domin a Janairun 2025 tawagar West Indies ta zo Multan ta juya wa Pakistan wannan makami ta ci wasa na biyu. Amma darasin da ke ciki bai canza ba: ranar da aka haɗa fili da mutanen da suka dace da shi, masu jifan Pakistan sun yi aiki.

Masu cewa samarin nan uku sun ƙare, su gaya mana abin da ya faru a Ostireliya a watan Nuwamban 2024. Su ɗin ne dai suka jagoranci Pakistan ta ci jerin wasannin yini ɗaya a can, karo na farko tun 2002, Haris ya fitar da mutum biyar a Adelaide aka kuma ba shi kyautar gwarzon jerin wasannin. A Disamba suka je Afirka ta Kudu aka ci wasa uku a jere. Mutum ba ya mance sana'arsa cikin wata uku. Batun kuɗin kulob kuwa ba ya buƙatar dogon bayani, domin Hukumar Kurket ta Pakistan ce ke ba kowane ɗan wasa takardar izinin zuwa waɗannan gasanni, kuma idan tana ganin suna gajiyar da su, alƙalamin yana hannunta.

Ga inda gizo ke saƙar. Daga Disamban 2022 zuwa Fabrairun 2024, mutum huɗu suka jagoranci Hukumar Kurket ta Pakistan: Ramiz Raja, Najam Sethi, Zaka Ashraf, sannan Mohsin Naqvi, wanda kuma shi ne ministan harkokin cikin gida. Kowane sabon shugaba ya zo da mutanensa. Kujerar shugaban masu zaɓe ta bi ta hannun Shahid Afridi da Haroon Rasheed da Inzamam da Wahab Riaz cikin ɗan wannan lokaci. An ɗauko Gary Kirsten da Jason Gillespie a matsayin masu horarwa a 2024, dukansu biyu suka ajiye aiki kafin shekarar ta ƙare, bayan an zare hannunsu daga zaɓen 'yan wasa. Shi kansa Shaheen an naɗa shi kyaftin na gajerun wasanni a ƙarshen 2023, aka sauke shi bayan jerin wasanni ɗaya kacal. A lokacin gasar Kofin Zakaru, Aaqib Javed shi ne mai horarwa na riƙon ƙwarya, shi ne kuma mai faɗa a ji a kwamitin zaɓe, wato mai zaɓen da mai duba aikin zaɓen mutum ɗaya ne. A irin wannan yanayi wa zai zauna ya tsara cewa nan da shekara biyu akwai gasa a fili kaza, don haka a fara renon masu murzawa uku tun yanzu? Wa zai lissafa yawan jifan da kafaɗar Naseem za ta iya ɗauka a shekara? Wanda bai san ko zai kai wata shida a kujerarsa ba, wasan gobe kawai yake kallo, kuma idan an sha kashi abu mafi sauƙi a gare shi shi ne ya miƙa wa jama'a sunan ɗan wasa su yi ta jifa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda magoya baya suke karɓar wannan suna da hannu bibbiyu. Ɗan wasa yana fili, kyamara tana kan fuskarsa, makin da ya bayar yana rubuce a allo, don haka shi ake gani. Wanda ya zaɓe shi yana ofis a Lahore, babu allon da ke nuna nasa makin. Duk daren da aka kwana ana gardamar ko Haris ya fi wane, dare ne da masu zaɓe suka yi barci lafiya. An bar jaki ana dukan taiki, kuma an shekara biyu ana yi.

Idan har masu kishin wannan tawaga suna son hayaniyarsu ta haifar da wani abu, to su karkata ta ga Mohsin Naqvi da hukumarsa. Su nemi a naɗa kwamitin zaɓe mai wa'adin da zai kai gasar cin kofin duniya ta 2027 a kudancin Afirka, a raba kujerar mai horarwa da ta mai zaɓe, kuma duk ranar da aka fitar da sunayen tawaga shugaban kwamitin ya zauna gaban 'yan jarida ya bayyana dalilin ɗaukar kowane mai jifa da irin filin da aka ɗauke shi dominsa. Kafin a kai can, har yanzu kwamitin da ya tura mai murzawa ɗaya tak zuwa Dubai yana da bayanin da zai yi wa mutanen Pakistan.