Amsoshin Tambayoyinku: Yadda ake bin sawun ƙwaro a daji

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata malamar makaranta a Gwammaja. Ta ce ta ji ana sakin ƙwari a dazukan Amurka don su cinye wasu ƙwarin, to yaya ake sanin waɗanda aka saki suna raye?

Malama, kin sosa wa masanan inda yake musu ƙaiƙayi. Akwai wani mitsitsin ƙwaro ɗan asalin Japan da aka fara gani a jihar Bajiniya ta Amurka a 1951. Yana tsotse wata bishiyar daji da ake kira hemlock har ta bushe a tsaye. Tun 2003 ake sakar masa wani ɗan buzuzu mai suna Laricobius, wanda abincinsa ke nan. Sai dai buzuzun bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma da zafi ya shigo sai ya shige ƙasa ya lafe. Hanyar da aka saba ita ce a tara farin ƙyalle a ƙarƙashin reshe a yi ta bugu da sanda, kamar yaran da ke kaɗo tsamiya. Na can ƙololuwa kuwa sai dai kallo.

To, duk mai rai yana barin burbushinsa inda ya zauna, ko kashi, ko saɓa, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin halittarsa na DNA. Sai a yanko reshe a ɗauraye shi, a tace ruwan, a kai abin da ya maƙale a matacin ɗakin gwaji. In tambarin buzuzun ya fito, ya zauna a wurin ke nan. Aikin mafarauci ne, wanda ke gane barewa daga kashinta. Amma fa, Malama, gwajin ya fi gwanancewa a cewa "ya biyo ta nan" a kan cewa "su nawa ne". Ni dai a ganina, sanda da ƙyalle ba su yi ritaya ba tukuna.

Wani bawan Allah daga Kurna kuma yana tambaya ko an taɓa haɗa ƙwaro da ƙwaro a ƙasar nan. Ƙwarai, Malam. A 1981 cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta saki wani ɗan zanzaro daga Kudancin Amurka a kan farin ƙwaron da ke hallaka rogo, ya kuwa ci ƙarfinsa.

Lokaci ya ƙure mana. Mai tambaya kan ciwon dabino, a tara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.