Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Sadarwa a Wajen Horon Matasan Damagaram kan Gina Dandalin Ciniki ta Intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jihar Damagaram, wakilin Mai martaba Sarkin Damagaram, malamanmu da iyayenmu, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Kishinka ga matasa sananne ne, shi ya taso ka daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, shi ya sa ba za mu ɓoye maka kukanmu ba. Wuta muke roƙo: farantan sola da batura na ɗakin horon nan.

Ba yau Damagaram ta fara ciniki da nesa ba. Zamanin Sarki Tanimun ayarin raƙuma na sauka a Zango, fatu da gashin jimina su nufi Tarabulus, fatake su gangara Kano. Nan ne babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Turawa suka maida mulki Yamai suka bar mu da ƙishirwa. Yau ga matatar mai tun 2011, ga Jami'ar André Salifou, amma dukawan Birni har yanzu sai mai saye ya tako da ƙafarsa kafin su sayar da jaka ɗaya.

Abin da yaran nan ke koyo shi ne ginin dandalin da zai ɗauki cinikin babban kamfani, kuma hawa uku gare shi. Akwai fuskar da mai saye ke gani a wayarsa. Bayanta akwai saba, kwamfutar da ke lissafin farashi, ta karɓi oda, ta tambayi kamfanin kuɗin waya ko an biya. Can ƙasa sai rumbun bayanai irin su PostgreSQL, mai riƙe da sunan kowane kaya da adadin da ya rage. An nuna musu amfanin rumbun nan: in mutum biyu suka danna sayen takalmin ƙarshe lokaci guda, dole ɗaya kaɗai ya samu, kada a ci kuɗin ɗayan. Sun koyi kulle hanyar da ke tsakanin waya da saba da HTTPS, tsarin da ke ɓoye bayanai kada wani ya leƙa, da raba nauyi tsakanin saba biyu saboda cunkoson jajibirin salla.

Duk wannan, ranka ya daɗe, kan wuta yake tsaye. Mun sha ganin yarinya ta kai tsakiyar gwajin biyan kuɗi, fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi, aikin yini ya tafi. Malami ya koma zana saba da alli, ɗalibai na fifita da littafi. Wannan yana yi mana ciwo ƙwarai.

Muna kuma fatan layin intanet mai ƙarfi, da gurbin sanin makamar aiki ga waɗanda suka gama. Amma ko ɗaya kaɗai za a yi mana, to a yi solar nan kafin zafin bazara ya shigo.

Allah ya ja zamaninka, ya maida kai gida lafiya.

Kwamitin shirya horo, Damagaram