Bindiga Ba Ta Tashi Da Kanta

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro.

Makon jiya ina cikin motar haya, irin bas ɗin nan mai cin mutum goma sha takwas, muka iso wani shingen 'yan sanda da la'asar sakaliya. Direba ya gangara gefe ya tsaya. Wani kurtu, matashi da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ya zagayo ya sunkuyo ta taga yana tambayar takardun mota. Bindigarsa na rataye a wuya, bakinta ya leƙo cikin motar ya tsaya saitin ƙirjin wata baiwar Allah da ke rungume da jariri a bayan direba. Yatsansa kuwa yana kan kunama. Fuskarsa a sake take, har murmushi yake yi suna gaisawa da direba. Matar ta jawo gefen mayafinta ta lulluɓe kan jaririn. Motar ta yi tsit. Sai da muka bar wurin wani dattijo ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Allah Ya kiyaye gaba."

Ban ga mugunta a idon yaron nan ba. Abin da na gani shi ne ɗan mutane da aka damƙa wa makamin yaƙi ba tare da an koya masa riƙonsa ba. Da motar ta ɗan motsa, ko wani mai talla ya bangaje shi ta baya, da washegari za mu karanta muku sanarwa a wannan gidan rediyo cewa an yi "harbin kuskure", wai bindiga ce ta tashi.

Jama'a, bindiga ba ta tashi da kanta. AK-47 ɗin da muke gani a hannun 'yan sandanmu, kafin harsashi ya fita daga cikinta sai an ɗana ta, sai an sauke makullin da ke gefenta na dama, sannan sai yatsa ya ja kunama. Duk hannun mutum ne ke yin waɗannan. Kuma ku ji wani abu: idan aka sauke makullin nan mataki ɗaya, ɓarin wuta aka buɗe, sai an ƙara saukewa mataki na biyu sannan take harbi ɗai-ɗai. A ɓarin wuta tana zubar da kimanin harsashi goma cikin daƙiƙa guda, kwanson da ake jera mata harsashi kuwa talatin yake ci. Harsashinta yana huda ƙofar mota kamar takarda. An ƙera ta ne a tsohuwar Tarayyar Sobiyet domin soja a fagen daga, mu kuma muka rataya wa kurtu muka tsayar da shi tsakanin masu adaidaita sahu da 'yan makaranta.

Mafaraucin ƙauye mai bindigar toka, wanda bai taɓa shiga aji ba, abin da yake fara koya wa ɗansa shi ne kada bakin bindiga ya kalli mutum, ko da kuwa ka rantse babu komai a cikinta. Ya san haka ne domin ya ga abin da sakaci ke haifarwa a dawa. To yaya za a ce hukuma mai kwalejoji a Ikeja da Kaduna da Maiduguri da Oji River, mai makarantar horar da hafsoshi a Wudil, ta yaye mutum bai san abin da ɗan mafarauci ya sani ba?

Kimanin wata shida kurtu ke yi a kwaleji. Cikin watannin nan ake son ya iya fareti, ya san doka, ya iya kama mai laifi, ya iya ɗaukar bayani a caji ofis, ya iya ba da hannu a titi, ya kuma iya makami. Fareti kam ana iyawa, duk wanda ya taɓa halartar bikin yaye su ya ga ƙafa na tashi tare tana sauka tare. Tambayata ga rundunar 'yan sanda ita ce: harsashi nawa kurtu ke harbawa a filin koyo kafin a ba shi bindiga ya fita cikin jama'a? Sau nawa ake sa shi ya kwance ta ya ɗaura, ya cire kwanso, ya duba cikinta, har abin ya zama masa jiki? Wa ke faɗuwa wannan jarrabawa, kuma idan ya faɗi ana hana shi makami? A fito a gaya wa 'yan ƙasa, domin ƙirjinmu ne bakin bindigar ke kallo.

Ba mu manta ba, a watan Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna wa duniya halin da Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja ke ciki, ɗakunan kwana duk sun lalace, abinci abin tausayi, har shugaban ƙasa na lokacin Goodluck Jonathan ya kai ziyarar ba-zata. Wurin da ya gaza ciyar da ɗalibi, da me zai sayi harsashin koya masa harbi?

Dokoki kam muna da su. Tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga a taron da aka yi a Havana, inda aka ce jami'in tsaro ba ya harbin kisa sai idan babu wata hanya ta ceton rai. Umarnin rundunarmu mai lamba 237, wanda a da ya buɗe ƙofar harbin wanda ake zargi don kawai ya gudu, wanda jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya Philip Alston ya yi kakkausar suka a kansa bayan ziyarar da ya kawo Najeriya a 2005, an yi masa gyara a 2019. A shekarar ce aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, kuma horarwa na cikin manyan dalilan kafa shi. A 2020 aka sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda, aka kuma rushe SARS, sashen 'yan sanda mai yaƙi da fashi da makami, ana tsaka da zanga-zangar watan Oktoba. Duk an yi.

Bayan duk wannan, ranar Kirsimetin 2022, a Ajah da ke Legas, ɗan sanda ya harbe wata lauya mai juna biyu tana cikin mota tare da iyalinta. A watan Oktoban 2023 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Wanda ya yi harbin nan ba kurtu ba ne, mataimakin sufuritanda ne, mutumin da ya daɗe a aiki. Ashe horon wata shida na farkon shiga ba ya riƙe mutum har ritaya. Hannu yana mantuwa, sabo yana kawo raini. Kuma hukuncin kotu, komai tsananinsa, bai dawo da matar nan da abin da ke cikinta ba.

Na san masu cewa ai ƙasar ce ta lalace, 'yan bindiga sun addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, ana kashe 'yan sanda a bakin aiki, dole su kasance cikin shiri. Gaskiya ne ana kashe su, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma matar da ke rungume da jariri ce 'yar bindigar? Jami'in da ya samu horo yana miƙe yatsansa a jikin bindiga, nesa da kunama, bakinta na kallon ƙasa, kuma idan ta ɓaci ƙiftawar ido ta ishe shi. Wanda bai samu horo ba, ranar da aka yi arangama abokin aikinsa da ke gabansa zai fara harba. Masu kawo maganar albashi ma na ji su, a ƙara musu, sun cancanta. Sai dai ɗauke yatsa daga kunama ba ya cin ko sisin kwabo.

Mai yiwuwa tsawaita horo kaɗai ba zai warkar da cutar ba, domin wanda ya fita da niyyar karɓar na goro a shinge ko shekara goma ya yi a kwaleji zai karɓa. Wannan wata magana ce ta daban, za mu zo kanta. Ta yau ita ce riƙon makami, kuma ita horo ne maganinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A mayar da kowane mai ɗaukar bindiga filin harbi duk shekara, daga kurtu har babban hafsa, wanda ya kasa a karɓe makamin a ba shi kulki ko a zaunar da shi a tebur. Baturen 'yan sandan da ke sa hannu a fitar da bindigogi kowace safiya ya san cewa idan yaronsa ya yi ɓarna shi ma zai amsa tambaya. Kuma don Allah, masu magana da yawun runduna, ku daina gaya mana bindiga ta tashi. Ku gaya mana yatsan wa ya ja, wa ya horar da shi, yaushe rabonsa da filin harbi.

Domin a shingen nan da na ba ku labari, kurtun ba shi kaɗai ba ne. Akwai saje zaune a kan benci a gindin bishiya, taku biyar tsakaninsu, yana kallon inda bakin bindigar ya nufa da inda yatsan yake. Har muka tashi bai ce masa komai ba.