Malamin da ajinsa ya zama wurin bincikensa

Assalamu alaikum, malamai da sauran masu kallo.

Ƙarfe takwas na safe, a wata lakwal a Tawa. Ajin CE1 ne, aji na uku a firamare, benci ya cika har wasu yara na kan tabarma. Mushe ya rubuta jimla a tabulo, yara suka karanta da murya ɗaya, babu kuskure. Sai ya nuna wata yarinya a layin baya, ya ce, "Ke, me aka ce a nan?" Ta sunkuyar da kai. Na kusa da ita ma shiru. Bakinsu ya iya Faransanci, amma ma'anar ba ta shiga ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san wannan shirun. Sai dai wannan mushen da yamma ɗalibi ne, yana karatun mastar a fannin ilimin koyarwa, kuma shirun nan shi ya ɗauka ya zama batun bincikensa.

Jami'o'inmu tsarin LMD suke bi: lisansi shekara 3, mastar shekara 2, sannan digirin dakta. Ba a gama mastar sai an rubuta memuwar, wato kundin bincike, an kare shi a gaban malamai masu hukunci. A Yamai akwai ENS, babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni. A Tawa akwai tsangayar ilimin koyarwa a Jami'ar Jibo Hamani. Malamin da ya shiga irin wannan karatu ba sai ya tafi nesa neman batu ba, batun na zaune a gabansa kullum safiya.

Wannan hanya tana da asali. A 1946, a Amurka, Kurt Lewin ya yi bayanin binciken da ake yi ana cikin aiki: ka tsara, ka gwada, ka lura, ka gyara, ka sake gwadawa. A 1975 Lawrence Stenhouse na Ingila ya dage cewa malami da kansa mai bincike ne. Mu ma ba baƙi ba ne a maganar. Tun 1964 Abdu Mumuni ya yi rubutu yana kiran a koyar da yaran Afirka da harsunansu, kuma a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram.

To, mu koma ga mushenmu. Da farko ya je wa malamin da ke duba aikinsa da tambaya ƙatuwa: me ya sa yara ba sa fahimtar karatu? Aka ce masa, "Malam, wannan ai ta fi ƙarfin mutum ɗaya, rage ta." Ya yi ta ragewa har ta koma haka: idan na ɗauki minti goma ina tattauna labarin da yara da Hausa kafin mu karanta shi da Faransanci, shin amsoshinsu za su canza cikin mako shida? Wannan ragewar, a ganina, ita ce rabin aikin. Tambayar da ba za ka iya aunawa a ajinka ba, wahala kawai za ta ba ka.

Kafin ya canza komai, sai da ya yi wa yaran ɗan gwaji ya ajiye sakamakon, don in babu awon farko, da me za a kwatanta na ƙarshe? Ya sayi kaye na musamman. Kullum bayan an tashi, kafin ya hau babur, yana rubuta abin da ya faru: wa ya ɗaga hannu, wace kalma ta tsaya musu, ranar kasuwa yara nawa ba su zo ba.

Ga inda wuyar take. Kai ne malami, kai ne mai bincike, kuma zuciyarka na son dabararka ta ci. Ranar da darasi ya watse, hannu yakan yi nauyin rubutawa. Rubuta shi. Ka roƙi abokin aiki ya zauna a bayan aji ya ƙirga abin da idonka zai tsallake. Sannan yaran nan amana ne. Ka sanar da darakta da iyaye, ka cire sunayensu daga memuwar, kada kuma ka hana wani rukuni taimakon da ka san yana buƙata don kawai lissafinka ya fito da kyau.

Idan sakamako ya fito, faɗe shi daidai gwargwadonsa. Aji ɗaya ne, mako shida ne, yaran Adar ne masu jin Hausa a gida. Ajin Yamai da ya haɗa Zabarmawa, Hausawa da Fulani zai iya ba da wata amsa daban.

Abin da ke damuna shi ne memuwar da yawa, da zarar an kare su an ɗauki hoto, sai su kwanta a kanta suna shan ƙura. Malam, in ka gama, taƙaita aikin a shafi biyu, ka ɗauki kayen nan naka, ka kai taron CAPED na gaba, inda malamai ke haɗuwa don ƙara wa juna sani, ka karanta wa abokan aikinka har da ranakun da darasin ya watse.