Shafen furotin da yaƙi da gansakukar bakteriya a kan kayan asibiti

Assalamu alaikum, jama'a, na gode da halartarku.

A shekarar 1683 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya kankaro dattin haƙorinsa, ya duba a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan halittu suna motsi. Abin da ya gani shi ne abin da zan kira gansakukar bakteriya, wato taron ƙwayoyin cuta da suka manne wa wani abu, suka lulluɓe kansu da yauƙin da su da kansu suka fitar. Sai a 1978 masanin ƙananan halittu Bill Costerton da abokan aikinsa suka jawo hankalin masana sosai a kan cewa haka bakteriya suka fi rayuwa. Idan wannan gansakuka ta kafu a cikin robar fitsari ko a kan ƙarfen da aka dasa a ƙugu, ƙwayoyin da ke cikinta sukan jure maganin da ya ninka wanda zai kashe 'yan uwansu masu yawo har sau 1,000, shi ya sa sau da yawa likita ba shi da mafita sai cire abin da aka dasa.

Ina roƙonku ku lura da daƙiƙun farko, domin a nan komai yake faruwa. Da zarar roba ko ƙarfe ya taɓa jini, furotin ɗin jiki, irin su fibirinojin da fibironektin, sukan rufe fuskarsa tun kafin wata ƙwayar cuta ta iso. Bakteriyar da ake kira Staphylococcus aureus kuwa tana da wasu ƙugiyoyi a jikinta waɗanda suka dace da waɗannan furotin ɗin daidai, kamar makulli da kwaɗo. Ke nan jikinmu ne yake shimfiɗa wa baƙuwar tabarma. Wani likita mai suna Anthony Gristina ya kwatanta lamarin a 1987 da tsere tsakanin ƙwayoyin jikin mutum da bakteriya, kowa yana neman riga ɗan'uwansa kama wuri.

Dabarar masu bincike ita ce su riga kowa, su shafe kayan da furotin ɗin da suka zaɓa, a kaurin nanomita kaɗan. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin gashin kai kuwa ya kai wajen nanomita 80,000. Wani shafen kora yake yi: albumin na jini, alal misali, yana hana Staphylococcus samun wurin kamawa, haka nan furotin ɗin zaren gizo-gizo da aka sarrafa a Jami'ar Bayreuth ta Jamus. Wani kuma kisa yake yi, kamar laisozayim da Alexander Fleming ya bayyana a 1922, wanda yake cikin hawaye da farin ƙwai, yana fasa bangon bakteriya. Wanda ya fi burge ni shi ne laktoferin, da ake samu a nono da hawaye, domin yana ƙwace sinadarin ƙarfe daga wata bakteriya mai suna Pseudomonas aeruginosa, ita kuma sai ta yi ta rarrafe a kan fuskar abin, ta kasa zama ta kafa gida.

A ganina kora ta fi kisa, saboda gawarwakin bakteriya sukan taru a kan shafe mai kisa, su binne shi, waɗanda suka zo daga baya su yi gini a kansu. Amma kada mu yi zumuɗi. Furotin abu ne mai rauni, tururin tsabtace kayan tiyata mai zafin digiri 121 yana lalata shi, jiki kuma yana da sinadarai masu narkar da shi sannu a hankali. Shafen da ya yi kwana uku yana aiki a ɗakin gwaji bai isa hujja ba ga ƙarfen da ake so ya yi shekara 20 a jikin mutum. Saboda haka nake ganin robar fitsari da robar jijiya, waɗanda ake cirewa bayan kwanaki ko makonni, su ne za su fara cin moriyar wannan aiki.