Akun da ke kiwo a bakin ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Arthur's Pass, a tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Christchurch. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, haka wurin yake. Muna cikin Disamba, a nan lokacin zafi ne, amma ga ƙanƙara can fari fat a kan duwatsu.

Bari in juya kyamara a hankali kada ya tashi. Kun gan shi? Kea ke nan, akun da ke rayuwa a kan tsaunuka masu ƙanƙara, kuma babu shi ko'ina a duniya sai wannan tsibiri. Tsawonsa ya kusa rabin mita, nauyinsa ya kusa kilo ɗaya. Jikinsa kore ne mai duhu, amma in ya buɗe fiffike za ku ga ƙarƙashin jajawur kamar garwashi.

Ku dubi abin da yake yi. Ya sa dogon bakin nan mai lanƙwasa ƙarƙashin dutse, ya birkice shi, ya leƙa. Babu komai. Ya koma kan ruɓaɓɓen itacen can yana ɓarzar ɓawon. Yauwa, ya samu! Farar tsutsa ce, ya riƙe ta da ƙafa ɗaya yana ci. Ga bakin nasa duk ƙasa.

Mu a gida mun saba ganin aku a keji, a ba shi gyaɗa da ayaba, shi ke nan. Wannan kuwa babu mai ajiye masa komai, kuma dutsen da yake zaune a kai marowaci ne. Shi ya sa yake bin shekara yadda ta zo. In sanyi ya fara ja da baya, sai ya hau sama ya tono saiwoyi, ya ci tohon ganye da ƙwari. Yanzu da furanni suka buɗe, yana lasar zaƙin furen wani tsiro da ake kira harakeke da na wani itace mai suna rata, wani lokaci har goshinsa ya yi rawaya da garin fure. Bayan haka sai 'ya'yan ƙananan itatuwan tsauni su nuna, ya koma kansu. In hunturu ya kama, wajen Yuni zuwa Agusta, ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai ya gangaro dazuzzukan ƙasa. Ko mushen barewa ya tarar, ba ya wuce shi. A duwatsun Kaikoura ma an ga yana tone ramukan wani tsuntsun teku yana cinye 'ya'yansa.

Wani abu da ya burge ni: yawancin aku farfasa iri suke yi in sun ci ɗan itace. Kea yakan haɗiye ƙananan 'ya'yan da irinsu, ya tashi ya tsallake kwari, ya kasayar da su a wani dutsen. Da yawa daga tsiron da kuke gani a saman nan, da taimakonsa suke yaɗuwa.

Cin naman nan ne ya ja masa bala'i. Da Turawa suka kawo tumaki cikin waɗannan duwatsu, sai makiyaya suka fara ganin raunuka a gadon bayan dabbobinsu. Wasu kea kan sauka a bayan tunkiya da dare, su huda fata, su ci kitsen da ke wajen ƙoda. An daɗe ana gardama a kai, har aka ɗauki abin a bidiyo a 1992. Ni ba zan ga laifin makiyayi don ya ji zafin dabbarsa ba. Amma hukuncin ya wuce laifin nesa ba kusa ba: aka sa lada ga duk wanda ya kawo bakin kea, aka kashe kimanin 150,000 kafin 1970. Sai a 1986 doka ta ba shi cikakkiyar kariya. Yau ƙiyasin da ake yi, waɗanda suka rage ba su wuce 3,000 zuwa 7,000 ba.

To ga inda nake so mu tsaya. Kun ga allon can? An rubuta kada a ba kea abinci. Ɗazu a gaban idona wani ɗan yawon buɗe ido ya gutsuro burodi ya miƙa wa ɗaya don ya samu hoto. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san da kyakkyawar niyya ya yi, amma cutarwa ce. Abin da ya raya tsuntsun nan a dutse shi ne ɗanɗana duk abin da ya gani. In ya saba samun abinci a hannun mutane, sai ya bar kiwo ya dawo bakin titi, mota ta buge shi. In ya ƙoshi da wuri, sai ya ɓata yininsa yana ɓanɓare robar gilashin motoci da rufin gidaje. Tsofaffin rufin kwano a nan akwai dalma a kan ƙusoshinsu, tana da laushi, shi kuma yana tauna ta. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Cakulan ma kashe shi take yi. Kuma an lura cewa kea da suka saba da abincin mutane sun fi saurin cin ƙwayoyin gubar 1080 da ake watsawa a daji don kashe ɓeraye da sauran dabbobin da ke cinye ƙwansu, domin a rami suke sheƙa, a ƙasa.

A yanzu haka lokacin renon 'ya'ya ne. Macen tana cikin rami, namijin ne ke fita kiwo, ya dawo ya amayo mata abin da ya ci, ita kuma ta ba 'ya'yan. Abin da aka jefa masa a wurin ajiye motoci, shi zai kai musu.

In Allah ya kawo ku nan, ku zuge jakarku, ku rufe gilashin mota, ɓawon lemo ma kada ku yar. Bari in matsa wajen gadar Otira, an ce da yamma sukan taru a can.